A Koya Wa Yaran Sahuda Ilimin Samaniya

A Sahuda, bakin iyakarmu da Kamaru, za ka ga faifan dish a kan rufin kwano, an kafe shi yana kallon waje ɗaya, ba a sake juya shi. Ni malamin firamare ne, kuma yana damuna a ce yaranmu ba su san dalili ba.

Ƙarfin da ke jawo mangwaro ya faɗo ƙasa shi ke riƙe da wata, shi ne kuma ya sa duniya take kewaya rana. Tauraron ɗan'adam da aka kai nisan kilomita kusan 36,000 yana gama zagayensa a kwana guda, daidai da juyawar duniya, don haka kullum yana saitin wuri ɗaya; shi faifan dish yake kallo, shi ya sa ba a juya faifan.

Najeriya ta kafa hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA, a 1999, aka harba mata tauraron ɗan'adam NigeriaSat-1 daga Rasha a 2003. Dukiyar ƙasa aka kashe, ilimin kuwa haƙƙin ɗan ƙauye ne.

Ina roƙon Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi ta riƙa turo ɗalibanta makarantunmu, su bayyana wannan ilimi da Hausa da Fulatanci. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.