Kafin Ka Sayi Injin Zarto Na Hawa Bishiya, Fara Da Igiya



Duk shekara idan bazara ta zo ƙarshe, iskar farkon damina ta fara kaɗawa, sai aikin rage rassan bishiya ya buɗe a garuruwanmu. Daga Sabiyal zuwa Aliero, Jega har Maiyama, da wuya ka ratsa unguwa ba ka ga dogon yaro a ƙofar gida ko a tsakar gida ba, kuma kowane maigida ya san reshen da ya leƙa kan kwanon ɗakinsa yana jiran guguwa ɗaya. A da gatari da adda da barandami ne ke wannan aiki. Yanzu ƙarar injin zarto ta fara maye gurbinsu, matasa da yawa kuma sun gano cewa akwai abinci a sana'ar.

Tambayar da ke bakin mai son shiga ita ce, wane inji zan saya? Yawanci idonsa yana kan ɗan ƙaramin injin nan mai mariƙi a sama, wanda ake gani a bidiyoyin Facebook da TikTok, mutum yana saman bishiya ya riƙe shi da hannu ɗaya kamar buta, rassa suna zuba. Ra'ayinmu a kan wannan a fili yake: injin yana da kyau ga aikin da aka ƙera shi dominsa, amma shi ya kamata ya zo ƙarshe a jerin sayayyar mai hawa bishiya. Wanda ya sa shi a farko ya sayi haɗari da kuɗinsa.

Bari mu fara da bambancin injinan biyu. Babban injin da muka saba gani a hannun masu tsaga katako yana da mariƙi ɗaya a baya, ɗaya a gaba, da tazara mai kyau tsakaninsu. Irin su Stihl 070, wanda ya yi suna a Afirka ta Yamma, ƙarfinsa ya haura cc 100, nauyinsa ya wuce kilo 10 tun kafin a ɗaura masa sarƙa a zuba mai. Wannan na ƙasa ne, kuma duk wanda ya hau tsani da shi ya yi ganganci. Shi kuwa mai mariƙi a sama an haɗe masa mariƙan biyu a kan injin don ya zama gajere, ya shiga tsakanin rassa. Stihl MS 201 T yana da kusan cc 35, bai kai kilo 4 ba. Husqvarna T540 XP ma nan kusa yake. Echo CS-2511T cc 25 ne, nauyinsa kilo 2.3. Dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa, wanda za mu kira harshen inji, yakan kasance santimita 25 zuwa 35 a irin waɗannan.

To ina matsalar? Tana cikin wannan sauƙin nasa. Sarƙar injin zarto tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya, wato kamar mashin da ke gudun kilomita 70 a awa. Idan saman bakin harshen ya taɓa wani reshe ko ya maƙale a cikin icce, injin yakan yi tutsu, harshen ya taso sama ya dawo kan mai riƙe da shi cikin ƙasa da ƙiftawar ido. A babban inji, tazarar da ke tsakanin hannaye biyu tana ba mutum ƙarfin danne shi. A ƙaramin, hannayen suna kusa da juna, ƙarfin dannewa ya ragu. Idan kuma hannu ɗaya ne ke riƙe da shi, babu abin da zai tare shi, ga ɗaya hannun can yana riƙe da reshen da ake yanka, dab da sarƙa. Shi ya sa hannun hagu da damtse suke yawan samun rauni a wannan aiki.

Kamfanonin da ke ƙera injin sun san haka. Takardar da ke cikin kwalinsa tana cewa na ƙwararrun masu aikin bishiya ne da suka sami horo, kuma a riƙe shi da hannu biyu. A Ingila, hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta HSE ta ce irin wannan inji na aikin saman bishiya ne kawai, a hannun wanda aka horar, ba na yankan icce a ƙasa ba. Tsarin horonsu ma abin lura ne: sai mutum ya ƙware a hawa da igiya da sauko da abokin aiki da ya ji rauni a sama, sannan a koya masa kunna inji a can. Mutumin da muke gani a bidiyo yana lilo a saman bishiya, mu duba ƙugunsa da kyau. Akwai ɗamara, akwai igiya, sau da yawa biyu. Igiyar ce ta 'yantar masa da hannaye.

Wannan shi ne abin da muke so mai saye ya gane. Wanda ya hau bishiya ba igiya, dole hannunsa ɗaya ya riƙe icce don kada ya faɗo, saboda haka dole ya riƙe inji da hannu ɗaya. Rashin igiya shi ke haifar da muguwar riƙon. Ka ba shi injin da ya fi kowane tsada a duniya, haɗarin yana nan daram.

Za a ce mana, ai iyayenmu da kakanninmu sun hau gawo da kuka da giginya ba igiya ba ɗamara, makiyaya har gobe suna hawa gawo da rani su saro wa dabbobi ganye. Gaskiya ne, kuma ba mu raina gwanintarsu. Amma gatari yana tsayawa idan hannunka ya tsaya. Idan ya kuɓuce, ƙasa zai faɗi. Sarƙa kuwa ba ta san hannunka ya gaji ba, ba ta san ƙafarka ta zame ba. Kuma ko a zamanin gatarin, faɗowa daga bishiya ba baƙon abu ba ne. Aliero ta yi suna a faɗin ƙasar nan da ma maƙwabta wajen ɗorin karaya, kamar yadda ta yi suna da albasa, wataƙila shi ya sa wasunmu suke ɗaukar karaya kamar zazzaɓi. Mu tuna maɗori ƙashi yake haɗawa. Idan sarƙa ta tsinka babbar jijiyar jini a cinya ko a damtse, mintuna kaɗan ne tsakanin mutum da ajali, ga shi a saman bishiya, ga tafiya kafin a kai babban asibitin Aliero ko na Jega, balle Birnin Kebbi.

Za a kuma ce kuɗi. Matashin da ya tara ɗan jarinsa daga aikin albasa ba zai iya sayen igiya da ɗamara da hular kwano da inji a lokaci ɗaya ba. Wannan ƙorafi ne mai ƙarfi, amsarsa kuma ita ce a bi sayayyar daki-daki. A fara da ɗamarar hawa da igiyar da aka yi don ɗaukar nauyin mutum, ba igiyar guga ko ta ɗaure kaya a mota ba. A bi da hular kwano mai maɗauri a haɓa da tabarau na kare ido. Sai zarton hannu mai lanƙwasa, irin na gyaran bishiya. Mafi yawan rassan dogon yaro da mangwaro da ake kiran mutum ya rage ba su wuce kaurin damtse ko cinya ba, zarton hannu mai kaifi yana gamawa da su ba fetur ba ƙara. Da waɗannan kaɗai mutum zai fara karɓar aiki, ya koyi tsayuwa a sama, ya tara kuɗin inji. Idan mutum uku ko huɗu suka haɗa hannu, ko suka yi adashe, abin ya ƙara sauƙi, tunda dama aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Dole a sami wani a ƙasa mai kore yara da dabbobi, mai karɓar reshe, wanda kuma zai iya hawa ya sauko da na sama idan wani abu ya faru.

Idan lokacin sayen injin ya yi, ga abin da muke ganin ya kamata a duba.

Na farko birkin sarƙa. Shi ne wannan makarin da ke gaban mariƙi, wanda idan aka tura shi gaba sarƙa ke tsayawa cak. A gwada shi a gaban mai shago, inji yana kunne. Idan sarƙa ba ta tsaya nan take ba, a ajiye. Haka kuma sarƙa kada ta riƙa juyawa alhali ba a matsa totur ba, kuma totur ɗin ya kasance mai makulli, wanda ba ya matsuwa sai tafin hannu ya kama mariƙi.

Na biyu, ƙarami ya fi. Inji mai cc 25 zuwa 35 da harshe mai santimita 25 ko 30 ya ishi aikin gidaje da gonakinmu. Dogon harshe yana ƙara nauyi a gaba, yana ƙara yiwuwar bakinsa ya taɓa abin da ba ka gani ba. Reshen da ya fi ƙarfin wannan inji, ya fi ƙarfin sabon shiga.

Na uku, zoben rataya a bayan injin, inda ake ɗaura masa tasa igiyar a jikin ɗamara. Mai hawa yana buƙatar hannayensa biyu yayin hawa, injin kuma a kashe yake har sai ya zauna daidai ya ɗaure kansa.

Na huɗu, kayan gyara. Kafin ka biya, tambayi bakanike a Jega ko Birnin Kebbi ko yana samun sarƙa da fulogi da igiyar tayarwa na wannan samfurin, kuma ka sayi zarton wasa haƙora daidai da girman sarƙarka. Dakusasshiyar sarƙa tana sa mutum ya riƙa dannawa da ƙarfi, a nan ƙafa ke zamewa.

Na biyar, jabu. Kasuwa cike take da injinan da aka yi wa fenti da suna irin na manyan kamfanoni. Ba mu ce duk inji mai araha banza ne ba, amma wanda ya yi ƙarya a suna zai iya yin ƙarya a birki. Araha ba ta ado. Gara inji mai sunansa na gaskiya ko da ba sananne ba ne, wanda birkinsa ya ci gwaji a gabanka.

Na shida, mai. Waɗannan injina ana gauraya musu fetur da man 2T. Stihl da Husqvarna suna cewa kashi 50 na fetur, kashi 1 na mai, wato mililita 100 a lita 5. Wasu masu arahar suna neman kashi 25 da 1. A bi abin da takardar injin ta ce. Kada kuma a zuba wa sarƙa baƙin man da aka juye daga mota, yana cinye famfon mai da harshen, yana kuma fantsama a jikin bishiya da fuskar mai aiki.

Akwai kuma masu batir, irin su Makita DUC254 da Stihl MSA 161 T. Amfaninsu a sama babba ne: ba jan igiyar tayarwa kana tsaye a kan reshe, ba hayaƙi a fuska, kuma kana jin muryar na ƙasa idan ya yi maka gargaɗi. Matsalarsu caji da tsadar batir, ga zafin ranarmu da batir ba ya so. Wanda ke da sola a gida ko a shago, ya dace ya yi tunaninsu. Sai dai shirun nasu kada ya ruɗi kowa, haƙoransu ɗaya ne da na mai fetur.

Mu da muke kiran masu wannan aiki gidajenmu, mu ma da namu alhakin. Idan yaro ya zo da inji a kafaɗa da silifas a ƙafa, ba igiya ba abokin aiki, muka ce hau don ya fi araha, mun sa hannu a duk abin da ya biyo baya. Mu tambaye shi da me zai ɗaure kansa. Idan reshen yana kusa da wayar lantarki, kada kowa ya hau sai ma'aikatan wuta sun tabbatar an kashe layin. Mu kuma lura da yadda yake yanka: gwani yakan fara ɗan tsaga reshe ta ƙasa, sannan ya yanke ta sama, kana ya gyara kututturen a ƙarshe, don kada nauyin reshen ya yage ɓawon bishiyar har gindi.

Ita ma bishiyar tana da haƙƙi a cikin wannan zaɓi. Abin da mai gatari zai wuni yana yi, mai inji zai gama kafin shayi ya huce, saurin kuma yakan ja hannu a aske bishiya tas alhali reshe biyu aka ce a rage. Kebbi tana cikin jihohi 11 na gaba-gaba a shirin nan na kafa katangar bishiyoyi don tare hamada, wanda aka kafa wa hukuma ta ƙasa a 2015. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da miliyoyin kadada tun daga shekarun 1980 ta hanyar barin tohon gawo da sauran itatuwa a gona suna yi musu gyara da wuƙa da adda. Inji a hannun wanda bai san inda zai tsaya ba zai iya rushe aikin shekara ashirin da hantsi ɗaya.

Muna da jami'ar kimiyya da fasaha a nan Aliero, muna da Kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi da ta Dakingari. Horon 'yan makonni kan hawa da igiya, riƙon inji, wasa sarƙa da tsayar da jini zai buɗe wa matasanmu sana'a mai mutunci, kuma bai fi ƙarfin waɗannan makarantu ko ƙananan hukumominmu uku ba. Kafin a kai ga haka, wanda ya san wani ƙane ko aboki da ke tara kuɗin wannan inji, ya zaunar da shi kafin damina ta faɗi, ya tambaye shi ko ya riga ya sayi igiya.