A Raba Tarihin Sarauniya Amina Da Fim

Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in tofa albarkacin bakina game da abin da ya kamata a sa cikin kundin sani, irin wanda yaranmu ke buɗewa a intanet.

Kwanan baya aka ba 'yata aikin gida a kan Sarauniya Amina ta Zazzau. Da na duba abin da ta kwafo, sai na tarar rabinsa jerin finafinai ne da wasannin kwamfuta: fim ɗin Amina na Izu Ojukwu wanda aka nuna a Netflix a 2021, da wasan Civilization VII na 2025. Har da wata ji-ta-ji-ta wai daga Amina aka samo Xena ta talabijin ɗin Amurka. Na tambaye ta wane littafi ne ya fara kawo labarin Amina, sai ta yi zuru.

To jama'a, ina amfanin baɗi ba rai? Ga abin da ya kamata yarinya ta sani. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya sa Amina a zamanin Sarkin Kano Dauda, wato ƙarni na 15, ya kuma ce Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Wasu masana kuwa sun ce a ƙarni na 16 ta yi zamani, 'yar Bakwa Turunku ce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambace ta cikin Infaƙul Maisuri. Wannan saɓani shi ne ilimin, amma an danne shi da sunayen 'yan wasa.

Na san wasu za su ce ai waƙa da wasa su ma tarihi ne. Gaskiya ne, ban musa ba. Wa zai rubuta labarin Sarkin Gobir na Isa Ahmadu ya bar Narambaɗa? Amma shi Narambaɗa makaɗinsa ne, ya zauna a fadarsa, ya gani da idonsa. Mai shirya fim kuwa ya zo bayan shekaru ɗaruruwa, kasuwa yake nema, dole ya ƙara gishiri.

Shawarata ga masu rubuta waɗannan kundaye ita ce, kada a sa fim ko waƙa sai in akwai masanin da ya nuna sun sauya yadda jama'a ke kallon mutumin. In an sa, a ware shi can ƙasa, a faɗa ƙarara cewa ƙirƙira ce. Sauran kuwa a buɗe musu nasu shafin. Su kuma malamanmu na jami'o'i, musamman na Zariya, don Allah su shigo su gyara, domin yaro abin da ya fara karantawa shi yake riƙewa.

Allah Ya sa mu gane.

Naku,
Wani mahaifi,
Tudun Wada, Zariya.