Kasuwa da Sana'a: lambar da ke gindin roba

A babbar kasuwar Maraɗi mai sayen man gyaɗa yakan shinshina man, ya ɗanɗana, ya ja ciniki har rana ta take, amma da wuya ya juya bidon ya dubi gindinsa. Alhali a nan ne ake buga wata ƴar alama mai kusurwa uku, da lamba a ciki daga 1 zuwa 7. Ƙungiyar masana'antun roba ta Amurka ce ta fito da wannan tsari a 1988. Abin da jama'a ke kira roba ko leda da baki ɗaya iri-iri ne, kuma kowane iri da kayan da yake iya ɗauka.

Lamba 1, wadda ake rubutawa PET, ita ce kwalbar ruwan sha da ta lemo. Garau take, ba ta da nauyi, amma ba ta jure zafi: da zarar ya kai digiri 70 sai ta soma motsewa. Duk da haka ita ce masu sana'a ke tsintowa su zuba kunu da zafinsa, ko man da aka sauke daga wuta. Haske ma yana ratsa ta, shi ya sa man da aka jera bisa tebur cikin ranar bazara yake saurin juya ɗanɗano ya soma wari. Abinci mai zafi na lamba 5 ne, watau PP, wadda ko tafasasshen ruwa bai narka ta. Lamba 3 da lamba 6 kuwa, a raba su da mai da zafi.

Mai ya fi zama lafiya cikin lamba 2, HDPE, robar nan mai kauri da ake yin bido mai lita 25 da ita. Sai dai a nan haɗarin yake. Da irin wannan roba ake yin galan na maganin feshi da manoman rani ke aiki da shi a gandun Jiratawa. In magani ya ƙare, galan ɗin yakan koma gida ya zama na ruwa, na madara ko na mai. Roba tana tsotse dafin cikin jikinta, ta riƙa sakinsa sannu a hankali, musamman cikin mai, kuma ba sabulu ko toka da za su fid da shi. Galan irin wannan hudawa ya kamata a yi, don kada wani ya tsinta. Ɗan kasuwar da ya sayi tsohon bido bai san abin da ya taɓa kwana ciki ba, rahusa ya samu, amma da lafiyar masu saye ya biya ta.

Masu ajiyar wake a Tibiri da kewaye sun ga amfanin zaɓen roba da idanunsu. Buhun PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta soma yaɗawa a 2007 tare da masanan INRAN na Maraɗi, ninki uku ne: leda biyu masu kauri na lamba 2 a ciki, da buhun saƙa na lamba 5 a waje. Na ciki suna toshe iska har ƙwaro ya shaƙe ya mutu ba tare da an barbaɗa magani ba, na waje kuma ya ɗauki wahalar ɗagawa da jifa. Sharaɗi dai wake ya bushe sarai, kuma kada leda ta huje. Wannan toshewar iska da ke ceton wake ita ce ke ruɓar da ɗanyen zogale da tumatir in an ƙulle su. Su kwando suke so.

Saura leda marar kauri, lamba 4, wadda ake ba da ita kyauta ko allura aka saya. Doka mai lamba 2014-63 ta ran 5 ga Nuwamba 2014 ta haramta ƙerawa, shigowa, sayarwa, ajiya da amfani da ita a Nijar. Ruwanda ta yi irin wannan doka a 2008, Kenya a 2017, suka kuma tsaya kanta. A Maraɗi baƙar leda ba ta ɓace ba. Tana toshe magudanan ruwa da damina, tana kwarara zuwa Gulbi, mahauta kuma suna tarar da ita dunƙule cikin tumbin jar akuyar da ake alfahari da ita. Yawanci da tsohuwar roba da aka sake narkawa ake yin baƙar, ba mai iya faɗin asalinta, ga shi ita ake ƙulle ƙosai da tuwo da zafinsu. Nauyin zartar da dokar yana wuyan jami'an duwan na Ɗan Isa, na ma'aikatar muhalli da na magajin gari, tun daga bakin iyaka har rumfar mai sari.