Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Ɗalibi, Littattafan Manga da Shirin Karatu a Japan

Gabatarwa

A ƙasashe da dama na duniya an sami wani rukunin ɗalibai waɗanda idan aka tambaye su inda suke burin zuwa ƙaro ilimi, amsarsu ita ce Japan. Idan aka bi diddigin wannan buri, sau da yawa akan tarar cewa tushensa wasu littattafan labarai ne masu zane-zane da Japanawa ke kira manga. Yaro ya fara da bin labarin wani jarumi, daga nan ya so jin harshen da jarumin ke magana da shi, a ƙarshe ya ƙudurta sai ya taka ƙasar da ƙafarsa. Iyaye da malamai sukan kasu gida biyu a kan irin wannan yaro. Wasu suna ɗaukar abin a matsayin shiririta da ɓata lokaci, wasu kuma suna sakar masa mara ba tare da sun tambayi inda ya dosa ba. Ra'ayin wannan maƙala shi ne cewa duka ɓangarorin biyu sun yi kuskure. Sha'awar manga ƙofa ce ta gaske da ke iya kai ɗalibi ga ilimi, amma ita kaɗai ba ta isa guzurin tafiya ba. Aikin malami shi ne ya mayar da sha'awar ta zama shiri.

Abin da ya sa bai kamata a raina manga ba

Mai raina manga yakan yi haka ne domin yana zaton zanen yara ne kawai. A Japan kuwa, wani babban reshe ne na adabi da ke da nasa tarihi. Kalmar ta shahara tun 1814, lokacin da mai zane Hokusai ya fara fitar da kundin zane-zanensa da wannan suna. Manga irin ta yau ta kafu ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman a hannun Osamu Tezuka, wanda ya rayu daga 1928 zuwa 1989. Tezuka ya yi karatun likita, amma ya zaɓi alƙalamin zane, kuma labarinsa na yaron ƙarfe mai suna Atomu, wanda ya fara a 1952, ya buɗe wa masu zuwa bayansa hanya. Mujallar mako-mako ta Shonen Jump, wadda aka fara bugawa a 1968, ta kai ga buga kwafi kimanin miliyan 6 da rabi a mako guda a tsakiyar shekarun 1990. A cikinta ne aka fara buga Captain Tsubasa a 1981, da Dragon Ball a 1984, da One Piece a 1997, da Naruto a 1999. Labarin ƙwallon ƙafa na Tsubasa ya shiga gidajen masu jin Larabci ta talabijin da sunan Kyaftin Majid.

Jigogin manga ba su tsaya ga faɗa da raha ba. Keiji Nakazawa yana ɗan shekara 6 aka jefa bam ɗin nukiliya a garinsu Hiroshima ranar 6 ga Agusta, 1945, inda ya rasa mahaifinsa da wasu 'yan uwansa. A 1973 ya fara zana wannan bala'i a labarin Hadashi no Gen, wato Gen mai tafiya ba takalmi, wanda aka fassara zuwa harsuna da yawa. Ɗalibin da ya karanta irin wannan ya sami darasin tarihi da zai daɗe a zuciyarsa. Jami'o'in Japan ma sun yarda da darajar fannin. A 2006 Jami'ar Kyoto Seika ta buɗe tsangaya sukutum ta nazarin manga, kuma a wannan shekarar aka buɗe gidan adana kayan tarihin manga na ƙasa da ƙasa a birnin Kyoto.

Akwai kuma amfani ta fuskar koyon harshe. Ana karanta manga daga dama zuwa hagu, abin da ba zai zama baƙo ga wanda ya saba da allo da rubutun Ajami ba. A manga da ake yi domin matasa, akan rubuta ƙananan haruffa a gefen kowace alama mai wuya domin nuna yadda ake furta ta. Hoto yana taimakon kalma, kalma tana fayyace hoto, shi ya sa mai koyo kan jure karanta shafuka masu yawa ba tare da gajiya ba. Kowane malamin harshe ya san cewa babu abin da ya fi wahalar samu a aji kamar ɗalibin da ke karatu don raɗin kansa.

Inda sha'awa ke yaudara

Duk da haka, Japan ta cikin takarda daban take da Japan da ake sauka a filin jirginta. Bambanci na farko yana cikin harshen kansa. Masanin harshe Satoshi Kinsui ya yi bayani a kan abin da ya kira yakuwarigo, wato salon magana da marubuta ke liƙa wa taurarin labari domin a gane tsoho ne ko sarauniya ko ɗan tauri, alhali mutane ba sa magana haka a zahiri. Jarumin manga yakan kira kansa da kalmar ore, ya kira abokin magana da omae. Ɗalibin da ya fuskanci farfesa da waɗannan kalmomi ya yi daidai da yaron da ya shiga fada ya kira hakimi da sunansa na yanka. Japananci yana da tsarin girmamawa mai faɗi da ake kira keigo, inda aikatau kansa ke sauya siga gwargwadon matsayin wanda ake magana da shi, kuma wannan shi ne harshen ofis da jami'a da wasiƙa.

Bambanci na biyu yana cikin nauyin rubutu. Haruffan hiragana 46 ne, na katakana ma 46, kuma mai himma zai iya haddace su cikin 'yan makonni. Dutsen da ke gaba shi ne kanji, alamomin da aka aro daga Sinanci. Jerin da gwamnati ta amince da shi a 2010 don amfanin yau da kullum ya ƙunshi alamomi 2,136, kuma yawancinsu suna da furuci fiye da ɗaya. Ɗan Japan yakan shafe shekarun firamare da sakandare yana koyon su. Littafin kimiyya ko na shari'a a jami'a ba ya zuwa da hoton da zai agaza wa mai karatu.

Bambanci na uku shi ne rayuwa. Labari yakan tsallake kuɗin haya da sanyin hunturu da kaɗaici. A wurare da yawa mai neman ɗaki sai ya biya kuɗin ajiya, ya ƙara da wani kuɗin godiya ga mai gida da ake kira reikin wanda ba a mayarwa, sannan ya kawo mai tsaya masa. Shara tana da ranaku da rabe-rabe, jirgin ƙasa ba ya jiran kowa, girgizar ƙasa kuma abu ne da ake koya wa kowa yadda zai yi idan ta zo. Ɗalibi Musulmi yana da ƙarin aiki, domin naman alade da giyar girki da ake kira mirin suna shiga abinci da yawa. Akwai masallatai, kamar na Kobe da aka gina a 1935 da babban masallacin Tokyo da aka sake ginawa a 2000, amma wanda aka tura ƙaramin gari yana iya yin tafiya mai nisa kafin ya sami Juma'a.

Shirin da ya kamata

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mataki na farko shi ne ɗalibi ya amsa wa kansa tambaya guda: me zai je ya karanta? Son ƙasa ba fannin karatu ba ne, kuma masu tantancewa suna neman wanda ya san abin da yake so a injiniyanci ko aikin gona ko koyarwa ko zane. Idan zanen ne, sai ya fara tara ayyukan hannunsa tun yanzu.

Mataki na biyu shi ne auna harshe da ma'aunin da aka yarda da shi. Jarrabawar ƙwarewa a Japananci, JLPT, an fara ta a 1984, kuma tun 2010 take da matakai biyar, daga N5 mafi sauƙi zuwa N1 mafi wuya. Kwasa-kwasan da ake koyarwa da Japananci galibi suna buƙatar N2 ko N1. Akwai kuma jarrabawar EJU da aka fara a 2002, wadda jami'o'i da yawa ke amfani da ita wajen ɗaukar baƙin ɗalibai. Ko wanda zai yi kwas da Turanci yana buƙatar Japananci a kasuwa da asibiti.

Mataki na uku shi ne lissafin kuɗi. Ma'aunin da gwamnati ta gindaya wa jami'o'inta shi ne yen 535,800 a shekara, ban da yen 282,000 na shiga, kuma wasu jami'o'in sun ɗara wannan, masu zaman kansu kuwa sun fi tsada. Tun 1954 ma'aikatar ilimin Japan take ba baƙin ɗalibai tallafin karatu, wanda ake nema ta ofishin jakadancinta ko ta jami'a. Ana yin jarrabawa da ganawa kusan shekara guda kafin tafiya, saboda haka sakamakon lissafi da Turanci da kimiyya na sakandare ya fi yawan manga da aka karanta tasiri. Ga matasan Afirka masu neman digiri na biyu akwai shirin ABE, wanda aka sanar a taron TICAD na biyar a Yokohama a 2013. Shekarar karatu tana farawa ne a watan Afrilu, don haka dole a daidaita lissafi da wannan.

A nan ne ya kamata a ja kunne. Dokar Japan ta yarda ɗalibin da ya sami izini ya yi aikin da bai wuce awa 28 a mako ba a lokacin karatu. Dillalin da ya ce wa iyaye yaro zai biya kuɗin makaranta da haya, har ya aiko gida, daga wannan aiki kaɗai, romon baka yake yi musu. A 2019 hukumomin Japan suka bayyana cewa wata jami'a mai zaman kanta a Tokyo ta rasa inda baƙin ɗalibanta kimanin 1,600 suka shiga cikin shekaru uku. Japan tana son baƙin ɗalibai, domin ta cimma burin 300,000 a 2019, kuma a 2023 ta sa sabon buri na 400,000 zuwa 2033. Amma buɗewar ƙofa ba ta ɗauke wa mai shiga nauyin duba inda zai sa ƙafa ba.

Wani zai iya cewa yawan jero wahalhalu zai kashe wa yaro gwiwa. Amsa ita ce sha'awar da jin adadin kanji zai kashe ba za ta jure hunturu guda a Sapporo ba, kuma gara ta mutu a gida kafin a sayar da gona. Wadda ta tsira kuwa ta ƙara ƙarfi. Misalin Oussouby Sacko ya isa hujja a kan abin da haƙuri ke haifarwa. Haifaffen Bamako ne a ƙasar Mali, ya yi karatu a Sin, ya isa Japan a 1991, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Kyoto, sannan daga 2018 zuwa 2022 ya shugabanci Jami'ar Kyoto Seika, wato mai tsangayar manga ɗin nan. Abin da ya kai shi wannan kujera shi ne shekarun da ya ɓata a kan harshe da bincike da zama da mutane.

Kammalawa

Malamin da ya kama ɗalibi da manga a ƙarƙashin tebur yana da zaɓi. Yana iya ƙwace littafin ya yi masa ba'a a gaban aji, ya rufe ƙofar da yaron ya buɗe wa kansa. Yana kuma iya kiran sa bayan darasi ya tambaye shi abin da labarin ya ƙunsa, ya sa shi ya taƙaita shi a rubuce, ya nuna Hiroshima da Kyoto a taswira, ya haddace haruffa biyar kullum, ya kuma fahimtar da shi cewa hanyar Tokyo ta ratsa ta cikin ajin lissafin da yake gudu. Su ma iyaye haƙƙinsu ne su duba irin manga da ke hannun ɗansu, domin a Japan kanta an rarraba su gwargwadon shekarun masu karatu, kuma akwai waɗanda ba na yara ba ne. Ɗalibi kuma ya riƙe cewa manga ta nuna masa Dala daga nesa, saura tafiyar da za ta kai shi ƙofar gari, wadda ake yi da alƙalami da haƙuri da sakamako mai kyau.