Sautin da ya ƙi buɗuwa a waya ba lallai ne ya lalace ba

A shagunan caji da tura karatu da waƙoƙi na Karaye da Rogo, hukuncin da aka fi yanke wa fayil ɗin sautin da ya ƙi buɗuwa shi ne a goge shi, wai ya lalace. Wannan gaggawa ce mai jawo asara. A yankin da manoma da 'yan kasuwa da dama suka fi sakewa da saƙon murya a kan rubutu, abin da aka goge kan iya zama shaidar bashin taki, ko cinikin buhunan masara, ko muryar mahaifin da ya rasu.

Sau da yawa fayil ɗin lafiyarsa lau, wayar ce ba ta san irinsa ba. Ana gane nau'in fayil ne daga haruffan da ke bayan ɗigo a ƙarshen sunansa. Saƙon muryar WhatsApp a wayar Android yana ƙarewa da .opus, tsarin da aka tabbatar da shi a 2012, kuma sunansa kan fara da PTT. Tsofaffin wayoyin Nokia kan naɗi murya a .amr, ita kuwa iPhone a .m4a. Ƙananan wayoyi masu madannai sun fi sabawa da .mp3, shi ya sa idan aka tura musu .opus ta memori ko Bluetooth sai su ƙi karanta shi.

Dabarar da wasu ke yi ta goge .opus su rubuta .mp3 ba ta sauya komai a cikin fayil ɗin. Sanya wa jaki sirdi ba ya mayar da shi doki. Abin yi shi ne a fara gwada manhajar VLC, wadda kyauta ce kuma tana buɗe dukkan waɗannan nau'o'i. Idan ƙaramar waya za a tura wa, sai a juya sautin zuwa MP3 da VLC ta kwamfuta, a kuma adana na asali, domin shi ne hujja idan rigima ta taso. Muryar da ta shafi sirri ko kuɗi bai kamata a ɗora ta a shafukan intanet masu juya fayil ba.

Nau'in da ya cancanci gogewa nan take shi ne wanda aka turo da sunan wa'azi ko waƙa amma ya ƙare da .apk. Wannan manhaja ce ba sauti ba, kuma da irinta ɓarayin intanet ke karanta saƙonnin banki.

Nauyin yana kan masu shagunan, domin su ne malaman fasahar da jama'ar karkara ke kai wa kuka. Duba haruffa uku ko huɗu kafin a danna gogewa bai kai minti ɗaya ba, amma muryar da aka goge daga memori da wuya ta dawo.