KWAT A JIKI, TAKUNKUMI A BAKI: Zaluncin Da Ake Tafkawa A Bayan Kantar Banki

Duk ranar da labari ya iso Durun cewa ɗan gidan wane ya samu aikin banki a birni, sai ka ga ana tururuwa zuwa zauren uban ana yi masa barka, kai ka ce daga Makka ya sauka. Tsofaffi su ce Allah ya yanke wahala, samari su shiga lissafin ranar da zai shigo gari da mota. A Kabo da Garo da Gwarzo ma haka abin yake. Abin da ba a gaya wa uban shi ne, sau da yawa yaron nan ba ma'aikacin bankin ba ne ko kaɗan. Wani kamfanin dillancin ma'aikata ne ya ɗauke shi, ya ba banki hayarsa kamar yadda ake ba da hayar shanun huɗa da damina. Kanta ɗaya yake zama da cikakken ma'aikaci, aiki ɗaya suke yi, lokaci ɗaya suke tashi, amma albashinsa bai kama ƙafar na wancan ba, babu ƙarin girma, kuma ran da aka gaji da shi ba sai an rubuta masa takardar sallama ba. Waya ɗaya za a buga wa dillali a ce a canzo wani.

Kada ɗan'uwa mai karatu ya ɗauka ƙage ake yi wa masu bankuna. Da bakinsu suka faɗa. A shekarar 2020, lokacin kullen korona, wani bidiyo ya fita na shugaban bankin Access na wancan lokaci, Herbert Wigwe, yana yi wa ma'aikata jawabi, inda ya lissafo masu gadi da masu shara da masu kawo shayi da masu karɓar kuɗi a kanta, ya ce irin waɗannan da aka ɗauko ta hannun 'yan kwangila su ne kusan kashi 75 cikin ɗari na masu yi wa bankin aiki, kuma za a rage su. Ya ce shi ma zai yanke kashi 40 na albashinsa. To, wanda ya yanke kashi 40 daga tudun dukiya da wanda aka yanke wa kashi ɗari daga ɗan abin cefane, wai su ne za a ce sun yi tarayya a sadaukarwa! Sai da surutu ya yi yawa Babban Banki da kwamitin shugabannin bankuna suka fito a farkon watan Mayu na shekarar suka ce an dakatar da korar ma'aikata. Uku cikin huɗu, a ɗaya daga cikin bankuna mafi girma a ƙasar nan. Wannan ba kuskuren wani manaja ba ne, tsari ne aka zauna aka shirya.

Sai kuma dodon da kowane ma'aikacin banki ya san sunansa, wato taget. A zauna a hedikwata a Legas, cikin sanyin na'ura, a yanka wa kowane yanki adadin kuɗin ajiyar da zai kawo. Shugaban yanki ya raba wa manajoji, manaja ya raba wa yaransa. Babu mai tambayar ko a wannan wata manoman Gwarzo sun sayar da amfani ko kuwa tsakiyar damina ce kowa na neman kuɗin taki. Yaron da iyayensa ba su taɓa riƙe miliyan ɗaya ba, shi za a ce ya nemo miliyoyi kafin ƙarshen wata, in ba haka ba ya san sauran. Ranar taron bitar aiki sai a tsayar da magidanci mai 'ya'ya a gaban abokan aikinsa a yi masa tas, a kira shi malalaci, a ce kujerar da yake kai ta fi shi amfani, shi kuwa yana sunkuyar da kai yana cewa ranka ya daɗe. Manajan da ke wannan zagi shi ma da safe aka wanke shi ta waya daga sama. Fir'auna ya taka Hamana, Hamana ya taka na ƙasa da shi, har a iso kan wanda ba shi da wanda zai taka sai matarsa da 'ya'yansa in ya koma gida da dare.

Abin da ya fi wannan muni shi ne halin 'yan matan da ake turawa farautar masu kuɗi. Shekaru da dama jaridu da ƙungiyoyin ma'aikata suna kokawa a kan yadda ake ɗora wa yarinya adadin da ba ta da hanyar kawo shi, a tura ta ofishin attajiri ko ɗan siyasa, a ce kada ta dawo hannu rabbana. Ba wanda zai furta mata abin da ake nufi, amma kowa ya san abin da ake nufi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Wanda ya aika ta yana nan da mutuncinsa, har a yi masa ƙarin girma don reshensa ya cika taget.

Nan sai wani ya ce, to me ya hana su kai ƙara? Ai ga sashen kula da ma'aikata, ga lambar waya ta kwarmata laifi, kuma tun 2014 Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin da suka wajabta wa bankuna buɗe irin wannan hanya da kare wanda ya yi magana. Haka ne, a takarda. Amma wa ke cike takardar awon ƙwazon mai ƙarar a ƙarshen shekara? Wanda ya kai ƙara a kansa. Wa ke ba da shawarar a ƙara masa girma ko a cilla shi wani reshe mai nisa da iyalinsa? Shi dai. Kura ce aka ba ajiyar nama, sannan aka naɗa ta alƙalin shari'ar ɓatansa. Ɗan kwantiragi kuwa ko wannan 'yar hanyar ba ta kai shi ko'ina, domin in ya je wajen banki a ce ai kai ba namu ba ne, in ya je wajen dillali a ce yi haƙuri kada ka ɓata mana ciniki.

Masu ganin cewa komai na Bature tsaf yake, su dubi abin da ya faru a Amurka. Bankin Wells Fargo, ɗaya daga cikin manya a can, ya ɗora wa ma'aikatansa cewa kowane mai ajiya sai an lanƙaya masa hajoji har takwas, asusu kaza, kati kaza. Da abin ya gagara, sai ma'aikata suka shiga buɗe wa mutane asusu da katin bashi ba da saninsu ba. A watan Satumba na 2016 asiri ya tonu, hukumomi suka ci bankin tarar dala miliyan 185, aka ce asusun bogi sun kai kimanin miliyan 2, daga baya lissafi ya haura zuwa miliyan 3.5. Su wa aka kora a tsawon shekarun da ake wannan ta'asa? Ma'aikata kimanin 5,300, mafi yawansu ƙanana. Kuma tsofaffin ma'aikata sun fito sun ba da shaida cewa sun buga waccan waya ta kwarmata laifi, abin da ya biyo baya shi ne takardar kora. Shugaban bankin, John Stumpf, sai da majalisa ta titsiye shi sannan ya sauka a watan Oktoba na shekarar. A 2020 aka haramta masa aikin banki aka ci shi tarar dala miliyan 17.5, bankin kuma ya biya dala biliyan 3. Bai kwana a kurkuku ba ko sau ɗaya. Can inda aka kwaso tsarin ke nan, inda ake da majalisa mai iya kiran shugaban banki ta zare masa ido. Ina ga inda aka kwaso kwafi?

Ba ma sai an tsallaka teku ba. Ranar 14 ga Agusta 2009, Gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamiɗo Sanusi, ya tsige shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya: Afribank, Intercontinental, Oceanic, Union da FinBank, aka zuba musu naira biliyan 420 don kada su durƙushe da kuɗin jama'a. A watan Oktoba aka ƙara da shugabannin Bank PHB da Spring da Equitorial Trust, kuɗin ceto ya kai biliyan 620. A watan Fabrairu na 2010, a laccar bikin yaye ɗalibai ta Jami'ar Bayero a nan Kano, Sanusi ya zayyana abin da aka tarar. Ya ce akwai bankin da ya ci bashi ya sayi jiragen sama, aka tarar an yi musu rajista da sunan ɗan shugaban bankin. Ya ce akwai inda shugabanni suka ƙirƙiri kamfanonin bogi har ɗari don wawure kuɗi. Ya ce an ɗebi kuɗin masu ajiya an sayi hannun jarin bankin da kansa don a kumbura farashinsa. Ya kuma nuna cewa hukumomin daraktoci, waɗanda aikinsu ne su taka wa shugaba birki, wasu an yaudare su, wasu da su aka ci, wasu kuma shugaban ya fi ƙarfinsu.

A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Kamfanin bogi ɗari ba aljanu ke buɗe musu asusu ba. Wani ma'aikaci ne ya cike fom, wani ya buga hatimi, wani ya shigar a kwamfuta, wani mai binciken cikin gida ya gani ya kau da kai. Ɗaruruwan idanu sun gani. Me ya ɗaure bakunansu? Abin da ya ɗaure bakin wancan magidancin da ake zagi ranar bitar aiki. An shafe shekaru ana koya musu cewa mai gida ba ya kuskure, kuma wanda ya ɗaga kai shi za a fara sarewa. Wanda aka horar ya yi shiru in an ci mutuncinsa, shiru zai yi in an ci kuɗin masu ajiya. Saboda haka dillalin hatsi ko mai kiwon shanun da ya ɗauko kuɗinsa daga Durun ya kai banki, kada ya zaci wulaƙancin da ake yi wa yaron bayan kanta bai shafe shi ba. Tsoron da ke cikin yaron nan shi ne ramin da ɓera zai bi ya shiga rumbunsa.

Da aka zo hukunci fa? A watan Oktoba na 2010 kotu ta ɗaure Cecilia Ibru ta Oceanic wata shida, ta kuma sallama kadarori na kusan naira biliyan 190. Wata shida! A ƙasar da ɓarawon akuya kan shafe fiye da haka yana jiran shari'a kawai. Francis Atuche na Bank PHB sai a 2021 aka same shi da laifi a kan naira biliyan 25.7, bayan an kwashe kusan shekara goma ana jan shari'ar. Su kuwa ƙananan ma'aikata ba su jira wata kotu ba. Dubbai aka sallama a watannin da suka biyo bayan tsige shugabannin, da kuma lokacin da Ecobank ya haɗiye Oceanic, Access ya haɗiye Intercontinental. Ba su sayi jirgi ba, ba su hau ba, amma su suka biya kuɗin mai.

Haka aka sake gani a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi na Godwin Emefiele. A Abuja aka yanke shawara, takardun kuɗi suka ɓace, mutanen karkara suka riƙa sammako zuwa gari suna wuni a layi, masu POS suka tsawwala. Wa jama'a suka gani a gabansu? Kashiya da mai gadi. Su aka zaga, su aka yi wa barazana, a wasu garuruwan kudu har an ƙona rassan bankuna, sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi. Ba a ce duk na bayan kanta salihai ne ba, an kama masu ɓoye sababbin kuɗi a cikinsu. Amma wanda ya kunna wutar ba shi ya sha hayaƙin ba.

Maganar riba kuwa sananniya ce ga masu karanta wannan shafi, ba sai an maimaita ba. Abin lura kawai shi ne, cire riba daga littafin banki ba ya cire girman kai daga zuciyar shugaba. Tun da Jaiz ya buɗe a 2012 bankunan da ba sa mu'amala da riba sun ƙaru, kuma da ma'auni ɗaya za a auna kowa: nawa ne cikin masu yi maka aiki ka yarda su amsa sunan ma'aikatanka, kuma me ke samun wanda ya kawo ƙarar na sama da shi?

Saurayin da ya riga ya shiga, ko yake riƙe da takardar difloma yana jiran kira, akwai abubuwan da ba za a gaya masa ranar ɗaukar aiki ba. Dokar Ƙwadago, sashe na 7, ta wajabta a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku da farawa, don haka ya nema, ya karanta sunan wanda ya ɗauke shi da idonsa, banki ne ko dillali. Duk takardar tuhuma da aka ba shi da amsar da ya bayar, ya ajiye kwafi a gida, ba a durowar ofis ba. Umarnin da ya san karkatacce ne, kamar buɗe asusu da sunan wanda bai zo ba ko sa hannu a kan abin da bai gani ba, ya ce a ba shi a rubuce, domin ranar da EFCC ta zo sa hannunsa za ta gani, ba muryar manaja ba. Akwai ƙungiyoyin ma'aikatan banki guda biyu, ASSBIFI ta manya da NUBIFIE ta ƙanana. Akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin sauraron ƙarar korar zalunci da cin zarafin mata a wurin aiki, kuma tana da reshe a Kano. Daga Durun mota ɗaya ce ko biyu.