Sanin Duniya: Ina dutsin Annabi Musa yake?

Attaura ta ce bisa dutsin Sinai Allah ya yi magana da Annabi Musa, ya ba shi dokoki 10. Alƙur'ani ya kira shi Ɗuri Sinina. Amma har yau masana ba su daidaita bisa wurin da dutsin yake ba.

Galibin mutane sun ce Jabal Musa ne, kudancin hamadar Sinai, ƙasar Masar. Tsayinsa mita 2285. Tun ƙarni na 4 Kiristoci ke ziyara can. Cikin ƙarni na 6 Sarkin Rum Justiniyan ya gina gidan ibada a gindinsa, yana nan har yanzu. Akwai masallaci a bisansa. Sai dai tsakanin zamanin Musa da masu ziyarar farko an fi shekara 1000.

Waɗansu sun ce Jabal Lauz ne, arewa maso yammacin Saudiya, don can ne Madyana, inda Musa ya yi kiwo. Suna nuna kan wani dutsi kusa, baƙi ƙirin, wai wuta ta ƙone shi. Masana duwatsu sun ce baƙin nan halittarsa ce.

Daga 1980 wani masani ɗan Italiya, Anati, ya bincika Har Karkom, hamadar Nagab. Amma galibin kufan da ya iske sun girmi zamanin Musa da ɗaruruwan shekaru.

Duk cikinsu ba inda aka samu rubutun wancan zamani mai faɗin sunan dutsin. Makiyayi in ya tashi, iska ke share sawunsa, shi ya sa gardamar ba ta ƙare ba.